Sharhi Kan Shirya Taron Tsofaffin 'Yan Ƙungiyar Ɗalibai

Sharhin na yau ya shafi wata al'ada da take ƙara yaɗuwa tsakanin waɗanda suka yi karatu a manyan makarantun arewacin Nijeriya, wato taron tsofaffin ɗalibai, musamman irin wanda tsofaffin 'yan wata ƙungiyar ɗalibai suke kira domin su sake haɗuwa bayan shekaru da rabuwa. Abin da ake nufi da ƙungiyar ɗalibai a nan shi ne duk wani haɗin kai da ɗalibai suke shiga bisa ra'ayin kansu a cikin kwaleji ko jami'a, ba tare da manhajar karatu ta wajabta musu ba, kamar Ƙungiyar Hausa mai shirya Makon Hausa, da ƙungiyar wasan kwaikwayo, da ta muhawara, da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya wadda aka kafa a Legas a 1954, da takwarorinta na ɗalibai Kirista, da kuma ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya ko 'yan ƙaramar hukuma ɗaya.

Haɗuwar tsofaffin ɗalibai ta daɗe a wannan yanki. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, kuma ta ɗauki sunan Barewa a 1971, tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tun kafin samun 'yancin kai, kuma da yake makarantar ta yaye mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai tsarinta ya zama abin koyi ga sauran makarantu. Matsalar da take tasowa ita ce, idan tsofaffin 'yan wata ƙaramar ƙungiya ta jami'a suka tashi shirya nasu taron, sai su kwafi wancan tsari na manyan makarantun kwana, ko kuma tsarin taron 'yan aji ɗaya, alhali kuwa yanayinsu ya sha bamban da na waɗannan biyun.

'Yan aji ɗaya sun shiga makaranta tare, sun fita tare, sun san juna fuska da fuska, shekarunsu kusan ɗaya, kuma adadinsu a rufe yake, domin babu mai sake shiga ajin da ya riga ya kammala. Ƙungiyar ɗalibai kuwa ƙofarta a buɗe take har gobe. Wanda ya riƙe Ƙungiyar Hausa a wata jami'a a 1982 da wanda ya riƙe ta a 2015 ba su taɓa zama a ɗakin karatu ɗaya ba, mai yiwuwa na farko ya yi sa'an mahaifin na biyu, kuma abin da ya haɗa su shi ne aikin da kowannensu ya yi wa ƙungiyar a zamaninsa. Bugu da ƙari, ƙungiyar tana nan da ranta a harabar makarantar, tana da shugabanni masu ci waɗanda galibi ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Wannan shi ya sa taron irin wannan ƙungiya yake da amfanin da ya zarce gaisuwa da tuna baya, kuma shi ya sa shirya shi ya fi wuya.

Wahalar farko, wadda masu shiri suka fi rainawa, ita ce ta sanin su wane ne tsofaffin 'yan ƙungiyar. Makaranta tana ajiye sunayen ɗalibanta a ofishin magatakarda saboda jarrabawa da takardar shaida, amma babu ofishin da ya ɗauki ajiye sunayen 'yan ƙungiya a matsayin aikinsa na dole. Shugabannin ƙungiya suna canzawa kusan kowace shekara, littafin da sakatare yake rubuta bayanin zama yakan bi shi gida idan ya kammala, takardar miƙa mulki kuwa, wato bayanin da shugabanni masu barin gado suke bar wa magadansu game da kuɗi da kayayyaki da ayyukan da ba a kammala ba, sau da yawa a baki ake yin ta. Gajartar zaman ɗalibi tana ƙara dagula lamarin: mai neman digiri yakan yi shekara huɗu, mai neman takardar shaidar malanta ta ƙasa shekara uku, mai difloma a kwalejin kimiyya da fasaha shekara biyu kacal, ta yadda a cikin shekara huɗu zuwa biyar ba a samun ko mutum ɗaya a ƙungiyar da ya san waɗanda suka gabace shi. Yajin aikin malaman jami'a, irin na 2020 da ya ci kusan wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas, ya katse wannan sarƙa a wurare da dama, domin wasu shugabannin sun fita ba tare da an yi zaɓen magadansu a kan lokaci ba. Sannan duk wanda ya kammala kafin 2001, shekarar da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, bai bar lambar waya a baya ba, sai dai adireshin akwatin gidan waya na mahaifinsa ko na wata makarantar firamare a garinsu, kuma tun 1973 bautar ƙasa take warwatsa masu digiri zuwa jihohin da ba nasu ba da zarar sun fita.

Saboda haka, aikin da ya kamata a fara da shi, tun kafin a yi maganar ɗakin taro ko abinci, shi ne haɗa rajista, kuma wannan aiki yakan ci watanni. Hanyar da ta fi inganci ita ce bin jerin shugabanni daga na yanzu ana komawa baya, domin kusan kowane shugaba yana tuna wanda ya miƙa masa mulki da wanda shi ya miƙa wa, sai a ɗora wa kowane tsohon shugaba ko sakatare nauyin nemo mutanen zamaninsa. Iyayen ƙungiya, wato malaman da hukumar makaranta ta amince su sa ido a kan harkokinta, su ne taska ta biyu, saboda malami ɗaya yakan ga zubin ɗalibai goma ko ashirin, kuma a ofishinsa ake yawan samun tsofaffin mujallu da kalandu da takardun gayyata masu ɗauke da sunaye. Ofishin kula da harkokin ɗalibai, inda ƙungiyoyi suke sabunta rajistarsu, shi ma yana iya samar da sunayen shugabanni na wasu shekaru.

A nan ne ya dace a yi magana a kan dandalin WhatsApp, wanda kusan kowane shiri irin wannan yake farawa da shi. Amfaninsa a bayyane yake, tun da zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, saƙo kuma yana isa nan take. Illarsa ita ce yana sa masu shiri su zaci waɗanda suke cikin zauren su ne ƙungiyar baki ɗaya, alhali dattawan da suka kafa ta, waɗanda taron ya fi buƙata, su ne suka fi ƙarancin shiga irin wannan wuri, wasunsu ma sukan fice saboda yawan saƙonnin da ba su shafi taron ba da gardamar siyasa. Irin waɗannan sai an tura musu wakili har gida, ko a rubuta musu takarda, ko a yi sanarwa a gidan rediyo. Haka nan mata sukan ɓace wa masu neman suna fiye da maza, domin aure yakan kai mace wani gari, wani lokaci ma da wani suna, kuma ba kowace ba ce take son a jefa lambarta cikin zauren da yake cike da mutanen da ba ta sani ba. Maganin wannan shi ne a sa mata cikin masu haɗa rajistar tun daga farko, kuma kada a saka kowa a zaure sai da yardarsa. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ƙarfafa wannan ladabi, tun da lambar waya da adireshi suna cikin bayanan da bai halatta a yi ta rabawa ba tare da izinin mai su ba.

Kwamitin shiri ba ya buƙatar dogon bayani, illa dai ya kasance ƙarami, ya ƙunshi wakilai daga zamani daban-daban, ya kasance da mace fiye da ɗaya, kuma a ba shugaban ɗalibai mai ci kujera a cikinsa. Idan 'yan zubi ɗaya suka mamaye kwamitin, taron yakan rikiɗe ya zama nasu su kaɗai, sauran su zama 'yan kallo.

Kuɗi shi ne inda mafi yawan irin waɗannan tarurruka suke samun rauni, kuma raunin yakan fara ne daga abin da ake ɗauka sauƙi ne, wato tura gudummawa cikin asusun bankin wani mutum ɗaya saboda an yarda da shi. Ko da mutumin ya fi kowa gaskiya, kuɗin jama'a sun cakuɗe da nasa, bankinsa yana cire cajin da ba zai iya tantancewa ba, kuma idan rasuwa ta zo masa bagatatan, kuɗin sun shiga cikin abin da magada za su yi magana a kai. Tsarin da ya fi aminci shi ne asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku. Bankuna galibi sukan nemi shaidar rajista kafin su buɗe irin wannan asusu, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi yadda ƙungiyar da ba ta neman riba za ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su amintattu kuwa su ne mutanen da ake damƙa wa riƙon dukiyar ƙungiya a idon shari'a. Wannan rajista tana cin lokaci da kuɗi, tana kuma jawo wajibcin miƙa rahoto duk shekara, don haka ƙungiyar da take shirin taro na farko tana iya fakewa a ƙarƙashin babbar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar, ko ta buɗe asusun haɗin gwiwa na wucin gadi da sunayen mutum uku daga zamani daban-daban, da sharaɗin ma'aji ya riƙa fitar da lissafin shiga da fita a kai a kai, kuma wanda ba ya cikin kwamitin ya bincika shi.

Yadda ake yanka kuɗin shi ma abin dubawa ne. Tsofaffin 'yan ƙungiya ba su zama daidai a samu ba: akwai babban sakatare da ɗan kasuwa da ɗan majalisa, akwai malamin makaranta da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa, akwai kuma wanda ya kammala shekara uku da suka wuce bai sami aiki ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai daga Maiduguri ko Yola zuwa Zariya ya zama nauyi ga mai ƙaramin albashi. Idan aka yanka kuɗi mai yawa bai ɗaya, sannan aka ƙara da anko, wato yadi iri ɗaya da ake so kowa ya ɗinka, to an tace mahalarta ke nan ba tare da an faɗa ba, domin mai ƙaramin ƙarfi ba zai ce ba shi da shi ba, sai dai ya ce wani uzuri ya taso masa. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa ƙaramin kuɗin halarta da kowa zai iya biya, a buɗe ƙofar ƙari ga masu hali ba tare da shelanta sunaye ba, a kuma ware wani kaso domin kuɗin motar dattawa da iyayen ƙungiya da suka yi ritaya. Anko kuwa, in ma za a yi shi, kada ya zama sharaɗin shiga.

Akwai kuma al'adar ƙaddamar da gidauniya a tsakiyar taro, inda ake gayyato babban mai ƙaddamarwa ya ambaci miliyoyi a gaban lasifika, jama'a su tafa. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin wata ƙungiya ya san cewa alƙawarin bainar jama'a daban, abin da yake shiga asusu daban, kuma kwamitin da ya ci bashin ɗakin taro da abinci bisa dogaro da irin wannan alƙawari ya sayi kifi a ruwa. Kasafin taro ya kamata ya tsaya a kan kuɗin da suke hannu kafin ranar, abin da aka samu a ranar kuma ya tafi ga aikin da aka ambata tun farko.

Zaɓen rana yana buƙatar duba kalanda uku a lokaci guda. Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka ranar da ta dace bana tana iya faɗawa cikin azumi ko lokacin aikin Hajji bayan 'yan shekaru. Kwanakin da suke biyo bayan Sallah suna da kyau saboda ma'aikata sun dawo gida, sai dai makaranta takan kasance a rufe a lokacin. A kalandar Miladiyya kuwa, ƙarshen Disamba yana da irin wannan fa'ida da irin wannan illa, ga kuma bukukuwan Kirsimeti da yawan ɗaurin aure. Kalandar makarantar ita ce ta uku, kuma ita ce ta fi cancantar a fifita, domin taron da aka yi ɗalibai suna hutu ko suna tsakiyar jarrabawa ya rasa rabin ma'anarsa. Ga Ƙungiyar Hausa, haɗa taron da Makon Hausa, ko da ranar 26 ga Agusta da ake bikin Ranar Hausa ta Duniya idan makaranta tana buɗe, yana rage kashe kuɗi, yana kuma tabbatar da cewa zauren zai cika da matasa. Dole ne kuma a fara da hantsi a tashi kafin la'asar sakaliya, saboda halin tsaron hanyoyi ya sa tafiyar dare ta zama kasada, sannan matan aure da masu goyo sun fi samun damar halartar taron rana.

Game da wuri, otal ya fi sanyi da tsafta, amma harabar makarantar ta fi dacewa, ko da fankokin ɗakin sun lalace. Gani da ido da tsofaffin ɗalibai za su yi wa halin da wurin yake ciki yana cikin amfanin taron. Wannan yana buƙatar rubuta wa hukumar makaranta takarda da wuri ta hannun ofishin harkokin ɗalibai, da sanar da jami'an tsaron harabar.

Tsarin ranar kansa shi ne yake nuna ko masu shiri sun fahimci abin da suka tara mutane dominsa. Abin da aka saba gani shi ne dogon teburin manyan baƙi, da jiran babban baƙo na sa'a biyu, da gabatar da kowane mai muƙami da cikakken kirarinsa, da jawabai bakwai ko takwas masu maimaita juna, har lokacin sallar azahar ya yi ba a bar mutanen da suka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita sun gaisa ba. A taron ƙungiyar ɗalibai, girma na waɗanda suka kafa ta ne da malaman da suka raine ta, kuma zama bisa zamanin karatu ya fi zama bisa muƙamin yau, domin shi ne yake hana wanda duniya ba ta yi da shi ba jin cewa ya zo kallon arzikin abokansa. Jawabi ɗaya mai nauyi ya wadatar, sai addu'a ga waɗanda suka rasu tare da ambaton sunayensu, wanda shi ma ya dogara ga ingancin rajistar, sai kuma a bar ƙungiyar ta yi abin da aka san ta da shi: 'yan wasan kwaikwayo su hau dandamali, 'yan muhawara su kara tsakanin tsofaffi da sababbi, 'yan Ƙungiyar Hausa su yi kacici-kacici da karatun waƙa da gasar karin magana. Inda aka gayyato makaɗa, ya kyautu a tuna cewa dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙi da takardun naira.

Hatsarin siyasa yana ƙaruwa a duk shekarar da zaɓe ya gabato, lokacin da ɗan takara yakan yi tayin ɗaukar nauyin taron gaba ɗaya. Tayin yana da daɗin ji ga kwamitin da kuɗi suka yanke masa, amma farashinsa shi ne hotunan ɗan takarar a ƙofar zaure da ƙauracewar duk wanda yake wata jam'iyyar. Ɗan siyasa da ya kasance ɗan ƙungiya yana da haƙƙin halarta da bayar da gudummawa kamar kowa, iyakarsa ke nan.

Ma'aunin da ya fi dacewa a auna taron da shi shi ne abin da ya rage a makarantar bayan an watse. Ɗaliban yanzu suna fama da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, kuma duk da asusun lamunin karatu da gwamnatin tarayya ta fara aiki da shi a 2024, biya wa ɗalibi biyar ko goma kuɗin zango ɗaya aiki ne da ƙaramar ƙungiya za ta iya, ya kuma fi alƙawarin gina katafaren zaure da ba za a taɓa aza tubalinsa ba. Akwai taimakon da bai buƙatar kuɗi ma: lauya ko ɗan jarida ko ma'aikacin banki da ya zauna da ɗalibai goma na sa'a guda yana bayyana musu yadda ake shiga sana'arsa, ko ya karɓi ɗaya daga cikinsu a lokacin koyon aiki, ya yi abin da jawabi ba zai yi ba. Sai dai dole tsofaffi su san iyakarsu, domin ƙungiyar ta ɗaliban yanzu ce, kuma tsoma baki a zaɓensu ko tilasta musu yin komai yadda aka yi a 1985 yakan kashe sha'awar matasa.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa da shi shi ne tarihin ƙungiyar kanta. Taron shi ne karo ɗaya da tsofaffin hotuna da mujallu da rubutattun wasanni da kaset-kaset za su iya fitowa daga akwatunan mutane, kuma ya kamata takardar gayyata ta roƙi kowa ya zo da abin da yake hannunsa, a ɗauki hotonsa a ajiye a kwamfuta, a mayar masa da nasa. Dattawan da suka kafa ƙungiyar kuma a zauna da su a naɗi bayaninsu, aikin da wayar hannu ta wadatar a yi shi. Kwafin abin da aka tara ya dace a damƙa shi ga ɗakin karatu na makarantar, ko ga cibiya irin Gidan Arewa da ke Kaduna, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kuma aikinta ke nan, domin abin da aka bari a hannun mutum ɗaya zai sake ɓacewa kamar yadda na farko ya ɓace.

Kira ga duk kwamitin da yake shirin irin wannan taro a bana shi ne ya fitar da cikakken lissafin kuɗi ga dukan mahalarta cikin wata guda bayan an tashi, ya miƙa kwafin rajistar ga shugabannin ɗalibai masu ci da kuma uban ƙungiya, sannan ya tsayar da shekarar taro na gaba da sunayen waɗanda za su shirya shi tun kafin jama'a su bar zauren.